Tsatsar Bayan Wili: Yadda Na Yi Wa Faifan Birkin Motata Fenti a Accra

Iskar Accra ba ta raga wa ƙarfe. Wanda ya taɓa zama a La ko Osu ko Jamestown ya san yadda ƙyauren gida da kwaɗo da kwanon rufi suke yin ja tun ba a je ko'ina ba, saboda gishirin da iskar teku ke kwasowa tana yayyafa wa gari. Jikin mota yana da fenti, shi ya sa yake ɗan jurewa. Abin da aka bari tsirara shi ne faifan birki, diskin nan da ke bayan taya. Da zubin baƙin ƙarfe ake yin sa, domin yana shan zafi bai damu ba, ba ya saurin karkacewa, ga shi da araha. Amma ko raɓa ce ta kwana a kansa, da safe sai ka tarar ya yi jawur.

Mai tasi da mai tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, ba su da wannan damuwa, wilin ƙarfe ya rufa musu asiri. Ni kuwa Scion FR-S gare ni, ƙirar 2013, 'yar ƙofa biyu mai injin lita 2 wadda tayoyin baya ke tura ta. Toyota da Subaru ne suka haɗa kai suka yi ta, a Gunma ta Japan ake harhaɗa ta, kuma da sunan Scion aka sayar da ita a Amurka har zuwa 2016, daga nan ta koma Toyota 86. Wilinta inci 17 ne mai siraran ƙafafu, kana tsaye daga nesa kana hango duk abin da ke ciki. Ta tashar jiragen ruwa ta Tema ta shigo, kamar yawancin motocinmu, tun da Ghana ta koma tuƙin hannun dama a 1974 masu sitiyari a hagu muke hawa, Amurka kuwa su ne a cike da ita. Tawa daga jihar da ake ƙanƙara ta fito, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi. Ke nan ta sha gishirin can, ta zo tana shan na nan, don kusa da bakin teku nake aiki, a can take wuni.

Tsatsar faifan birki iri biyu ce, kuma wanda bai raba su ba zai ɓata kuɗinsa. Akwai ta fuska, inda takalman birki ke gugawa. Wannan ba komai ba ce. Ka fito daga wurin wankin mota ka gan ta ta yi ja, kafin ka kai mahaɗa ta biyu birki ya share ta. Sai kuma wadda ba ta da mai share ta: ta kan hula, wato tudun nan na tsakiya da kusoshin taya ke ratsawa, da ta bakin faifan na waje, da ta cikin ramukan iska da ke tsakanin fuskokin biyu. Nan tsatsa take zama ta yi kauri, ta fara ɓarewa, in an wanke mota ruwanta ya zubo ya ɓata wili da jan zane. Ita ce ta dame ni. Za ka biya a wanke maka mota tana ƙyalli, amma ido na sauka kan taya sai ya ci karo da wannan jan abu.

A lungunmu na Nima ba wurin da za a ɗaga mota a bar ta ta kwana, shagon Masta makanike kuma ƙasa ce da baƙin mai, ga mutane na kai-komo. Sai na roƙi Kawu ya ara mini filin gidansa na Madina, mai siminti da get. Kawu ya yi shekaru yana jan tirela daga Tema zuwa Wagadugu, don haka maganar birki ba baƙuwarsa ba ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, birkin yana kamawa?"

Na ce, "Yana kamawa, Kawu."

"Yana ƙara? Sitiyari na rawa?"

"A'a."

"To me ya yi zafi? Mu a da in birki ya kama sai mu gode wa Allah. Ku kuma har sai kun yi masa kwalliya." Ya yi dariya, ya ce in kawo ta, amma kada in fesa masa fenti a bango.

Gaskiyarsa ce, kuma gara in faɗa tun yanzu: fenti ba ya ƙara wa birki ƙarfi ko kaɗan. Mota ba za ta tsaya da wuri ba don an yi wa hular faifanta baƙi. Abu biyu kawai yake yi, ya gyara wa ido, ya kuma hana tsatsa cin wuraren da takalmi ba ya kaiwa. Amma fentin da aka yi ba bisa ka'ida ba yana iya rage wa birki ƙarfi, har ya kwance taya. Shi ya sa na fi ɓata lokaci a kan inda ba za a shafa ba.

Sayayya a Abossey Okai na yi ta, kasuwar kayan gyaran mota da ke kusa da Kaneshie. Samun fenti ba wuya, samun wanda ya dace shi ne aiki. Kana cewa fentin gwangwani za a miƙo maka irin wanda ake fesa wa get da keke, a ce maka ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Aikin birki shi ne ya mai da gudun mota ya koma zafi, zafin nan kuma a faifan yake taruwa. A tuƙin cikin gari kaɗai yakan haura digiri 100 a ma'aunin salshiyas, in kuma ana gangarowa daga dutse ana ta taka birki, ko ana gudu ana tsayawa da ƙarfi, yana iya wuce 400. Fentin get ba zai kai ko'ina ba, zai yi laushi, ya yi ƙuraje, ya ɓare. Wanda ake nema shi ne mai jure zafi, na kalifa, wato muƙamuƙin da ke matse faifan birki, ko na salansa. Kada ka saurari bakin mai shago, juya gwangwanin ka karanta. Wanda na saya an rubuta 900 a jikinsa, amma a ma'aunin Amurka ne, a namu kusan 480 ke nan. Na haɗa da ruwan wanke birki na gwangwani, da salatif na takarda, da samfefa mai kaushi da mai laushi, da buroshin waya irin wanda ake ɗaura wa injin huda, da wani siriri mai dogon hannu, da reza, da safar hannu, da takunkumi. Duka kuɗin bai kai na taya ɗaya ba.

Launi kuwa baƙi marar sheƙi na zaɓa. Yaron Masta ya so a yi ja, ya ce shi ne na 'yan gayu. Ja a kalifa yake kyau. A hular faifai ƙurar birki za ta dusashe shi cikin mako guda, ya koma kama da tsatsar da aka gudo wa. Baƙi yana ɓoye ƙura, kuma yana sa wilin ya fito.

Lokacin yin aikin ma sai da na yi lissafi. Da damina iskar Accra a jiƙe take, fenti ba ya bushewa da kyau, wani lokaci ya yi fari-fari a sama, ƙarfen da ka kankare kuma yana sake yin ja kana kallo. Da hunturu iska ta bushe, amma ga ƙura. Na ga ƙura ta fi sauƙin magani, sai na bari har Janairu. Muka ɗaura tamfol a rumfar Kawu ta ɓangaren da iska ke shigowa, muka yayyafa wa simintin ruwa don ƙurar ta kwanta.

Masta ya zo da yaronsa da sassafe, bayan mun sha koko da ƙosai aka fara. Tun wurin ɗagawa motar ta nuna halinta: tsakaninta da ƙasa bai kai santimita 13 ba, jak ɗin Masta ya ƙi shiga. Sai da muka jera katako, na hau kansa da tayoyin gaba, sannan ya samu hanya. An sassauta notuna tun tana ƙasa, aka ɗaga, aka tokare ta da ƙafafun ƙarfe guda huɗu. Yaron ya kawo tsohon wili da bulo zai tura ƙarƙashi yadda suka saba a shago, na ce a ƙara da su in ana so, amma ba su za su ɗauki motar ba. Mota za ta kwana a sama a gidan da jikoki ke wasa.

A gaba, sifana mai lamba 14 ke kwance kalifa, mai lamba 17 kuma ta kwance mariƙinsa. Ba a taɓa tiyon man birki ba, ba kuma a bar kalifan yana lilo a jikinsa ba, don nauyinsa na iya lahanta tiyon ta ciki ba ka sani ba. Masta ya lanƙwasa waya ya rataye shi a jikin sifirin. Takalman birkin aka jera su a kwali, kowane da gefensa, nesa da inda za a yi feshi. Kafin a cire kowane faifai na ɗiga alama a kan kusa ɗaya da ramin da take ciki, na kuma rubuta gaba-dama, gaba-hagu, domin kowanne ya koma yadda ya zauna.

Sai na gaba-dama ya ce bai san zance ba. Tsatsa ta manne shi da mazauninsa, ko motsi ba ya yi. Yaron har ya ɗauko guduma. Masta ya daka masa tsawa: "Ajiye! Wa ya ce maka ana dukan fuskar diski?" Ya laluba akwatinsa ya fito da kusoshi biyu masu kaurin milimita 8. A jikin hular akwai ƙananan ramuka biyu masu zare da masana'anta ta tanada don irin wannan rana. Ya zura kusoshin, yana juya wannan rabin zagaye, ya koma wancan, a hankali, bakinsu na tokarar mazaunin daga ciki. Ba a jima ba muka ji ƙas! Faifan ya saki, garin tsatsa ya zubo a kan siminti. Na baya ba su yi gardama ba, sai dai dole a sauke birkin hannu tukuna, saboda a wannan mota ƙananan takalman birkin hannu a cikin hular faifan baya suke zaune, cikin hular suke kamawa. Akwai kuma wata 'yar roba da ta toshe ramin saiti a jikin hular, muka cire ta muka adana.

Kafin a ɓata fenti sai da Masta ya auna kauri. Faifan gaba na wannan mota milimita 24 ne yana sabo, iyakarsa 22, kuma ana buga iyakar a jikin ƙarfen. Nawa sun haura 23, babu tsagewa, babu zurfin zane. Da sun kai iyaka da maganar fenti ta ƙare, sai sababbi. Wurin awon ma akwai dabara: bakin faifan yakan yi leɓe inda takalmi bai kai ba, in ma'aunin ya hau leɓen zai ba ka kaurin ƙarya.

Kankara ita ta cinye mana wunin. Buroshin injin ya yi maganin hula da baki cikin sauƙi, ƙura ja tana tashi har gashin gira. Takunkumi ba na ado ba ne a nan, ƙurar birki ba abin shaƙa ba ce, balle ba ka san da me aka haɗa takalman da aka taɓa sa wa motar ba. Shi ya sa ma ba mu hure ta da iska ba, jiƙa ta muka riƙa yi muna gogewa. Ramukan iska su ne wahala. Kowanne sai ka zura siririn buroshi ka yi ta kai da kawowa, ka juya faifan ka buga shi a kan katako, ɓawon tsatsa ya faɗo, ka koma na gaba. Wuta ta ɗauke ana tsaka da na uku, muka ƙarasa da hannu da samfefa. Ba sai ƙarfen ya yi ƙyalli kamar sabo ba, amma duk wani abu mai ɓarewa ko mai gari sai ya fita. Fentin da ya hau kan sakakkiyar tsatsa tare za su faɗo.

Da aka zo wanki yaron ya ɗauko galan ɗin fetur, abin da suke wanke komai da shi ke nan. Na hana. Fetur da kananzir da gas duk suna barin maiƙo, maiƙo kuwa maƙiyin fenti ne, maƙiyin takalmin birki ne. Ruwan wanke birki yana bushewa nan take bai bar komai ba. Muka yi ta fesawa muna shafawa da farin tsumma har tsumman ya daina baƙi. Daga nan babu mai taɓa faifai da hannu tsirara, ko gumin yatsa yana barin shaida.

A wurin rufewa ne muka yi musu da Masta. Shi a ganinsa wannan duk ɓata lokaci ne. Ya ce, "Malam, fesa shi duka kawai. In ka taka birki sau biyu takalmi zai share na fuskar, ya bar maka layi tsaf, ko reza ba za ta yi kamarsa ba."

Na ce, "Masta, fentin da ya share ɗin ina zai tafi?"

Ya yi shiru, ya ce, "Ƙonewa zai yi."

Wani zai ƙone, wani kuma ya narke ya shige cikin takalmin ya toshe masa fuska. Na san akwai masu yin haka su zauna lafiya, musamman in tsofaffin takalma ne da za a jefar bayan an share. Nawa kuwa da sauran rai a jikinsu, kuma su zan mayar. Ban ga dalilin da zai sa in shafa wa birki abin da zai sa shi santsi da hannuna ba, sannan in hau titin Madina da ke cike da masu talla da 'yan makaranta in ce bari ya goge kansa.

Don haka muka zauna rufi, irin yadda mata ke manna salatif a ƙafa kafin ƙunshi don lalle ya kama inda ake so kawai. Wurare huɗu ne fenti ba zai taɓa ba. Fuskokin faifan biyu, gaba da baya, wannan kowa ya sani. Na shimfiɗa salatif ya rufe fuskar har ya zarce, na danna da farce, sai sawun takalmin ya fito ta ƙarƙashin takardar, don inda yake gugawa ya fi santsi kuma ya ɗan faɗa. Na bi wannan sawu da reza ina juya faifan a kan bokiti, na ɗaye rarar. Da'ira ta fita tsaf.

Sauran ukun su ne mutane ke mantawa. Na farko saman hular, inda bayan wili ke kwanciya. Mutum zai ce ai nan ma tsatsa na kamawa. Tana kamawa, amma wili ya rufe wurin, ba mai gani. In ka sa fenti tsakanin wili da faifai, ka ɗaure notuna a kansa, ranar da birki ya yi zafi fentin zai yi laushi ya matse, ɗaurin ya ragu, notuna su fara sassautawa kana tafiya. Na ɗora wilin a kan faifan na zana iyakar inda yake taɓawa, na rufe wannan da'irar. Na biyu bayan hular, inda take zama a kan mazauninta. Nan ƙarfe da ƙarfe ake so, a shafe. Karkacewar da ake yarda da ita a faifan birki ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ɗigon fenti ɗaya da ya fi kauri a gefe guda ya isa ya sa faifan ya riƙa layi yana juyawa, bayan 'yan watanni ka fara jin birki na bugun ƙafarka, ka ce diski ya lanƙwashe. Na uku cikin hular faifan baya, inda takalman birkin hannu ke kamawa. Wannan ma fuskar birki ce, sai dai a ɓoye take. Na cusa takarda na rufe bakin.

Kawu ya fito daga sallar azahar ya tsaya a kanmu yana kallo. Da na gaya masa dalilin rufe mazaunin wili sai ya gyaɗa kai. Ya ce a tireloli ma sun san haka, wilin da aka yi wa sabon fenti mai kauri shi ne ke kwance noti a hanyar Tamale, shi ya sa direban kirki ke tsayawa ya bi su da sifana. Daga nan ya ja kujera ya zauna, har yana nuna wa yaron inda salatif bai kwanta ba.

Feshin kansa bai ɗauki komai ba. Gwangwanin ya ce a girgiza sosai, a yi shafe biyu marasa kauri, sannan na uku mai ɗan jiƙa, minti goma tsakani, a gama duka cikin awa guda. Haka na bi. Hannu na nesa da faifan kamar taƙi ɗaya da ɗoriya, ana fara fesawa kafin a iso kan ƙarfen, a wuce shi sannan a saki. Shafen farko ba ya rufe komai, ƙarfen na leƙowa ta ƙasa, a nan ne zuciya ke cewa ƙara. Kada ka ƙara, zai zubo ya yi hawaye. Ramukan iska kuwa hayaƙin fentin kawai na bari ya shiga ta baki. Ta nan iska ke bi tana sanyaya faifan, ba wurin cika wa fenti ba ne. Na ɗaye salatif tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, don in ya bushe ƙarau yakan tsage a bakin layi. Inda ya ɗan tsallaka kan fuska na goge da tsumma mai ruwan wanke birki.

Irin wannan fenti ba ya kai ƙarfinsa sai ya sha zafi. Gwangwanin ya ba da zaɓi: a gasa awa ɗaya a kusan digiri 93, ko a bar zafin birkin ya gasa shi a kan mota. Na ɗan kalli wajen kicin, matar Kawu ta ce ko da wasa kada in kawo mata ƙarfen mota inda take gasa abin da mutane za su ci. Tana da gaskiya, tururin fentin guba ne. Muka bar su suka kwana a rumfa a ƙarƙashin kwali, washegari suka sha rana.

Kafin a mayar da su sai da aka kankare mazaunin kowane faifai har ya yi fari, aka shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan a wuyan tsakiya kawai, don kada ya sake mannewa. Ba a sa wa kusoshin taya ko ɗigo ba, a bushe ake ɗaure su. Kowane faifai ya koma kan alamarsa, 'yar robar baya ta koma raminta, aka sake wanke fuskokin, aka mayar da kalifa. Wurin ɗaure taya na fito da sifana mai awo da na aro. Abin da na fi tsana a wurin masu faci shi ne a zura wa sifana bututu, ƙato ya hau kai yana tsalle. Wannan ɗauri ba ƙarfi ba ne, yana miƙe kusa, yana kuma matse faifai ta gefe guda. Ma'aunin wannan mota nuton-mita 120 ne, notuna biyar, ana tsallake ɗaya a ɗaure na gaba har a zagayo. Sannan kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, a zauna a yi ta taka birki har ya yi tauri a ƙafa.

Na fara da zagayen unguwa a hankali, ina taka birki sama-sama don zafin ya shiga da kaɗan-kaɗan. Wari ya tashi kamar ana ƙona roba, har mai gadin maƙwabta ya leƙo. Na fentin ne, kuma ya ɗauke bayan 'yan kwanaki. Da na yi tafiyar da ta kai kilomita 80 na sake bin notuna da sifana mai awo, babu wanda ya motsa. Sai da fentin ya zauna sosai sannan na kai ta gwajin gaske. Daga Madina hanya ce miƙaƙƙiya ta Adenta zuwa Ayi Mensah, a hau dutse ta Peduase har Aburi. Hawan ba ruwansa da birki, gangarowar ce magana, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Da na sauko na tsaya a gefe, ban ja birkin hannu ba don kada takalma su manne da zafi, na sa giya na kashe. Kana kai hannu kusa da wili kana jin hucin. Fentin bai yi ƙuraje ba, bai canza launi ba.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, damina ce ta ba da amsa. Bayan ruwan Yuni da na Oktoba, hulunan huɗu suna nan baƙi ƙirin, jan zanen da ke ɓata wili ya daina. Fuskar kuwa tana nan da halinta, in ta kwana a ruwa sai ta yi ja, birki ya share, wannan ba fentin da zai hana. Inda tsatsa ta dawo wuri biyu ne. Akwai siririn layi daidai inda fenti ya ƙare sawun takalmi ya fara, wurin da ya fi ko'ina zafi, sai kuma can cikin ramukan iska inda buroshi bai kai ƙarshe ba. Bakin waje na faifan gaba ma ya ɗan dusashe ya koma toka-toka, na baya bai yi ba, tun da gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Layin nan sai ka durƙusa za ka gan shi, kuma ba sai an sake kwance komai ba: a cire taya, a goge da samfefa, a fesa fentin a murfin gwangwani a ɗiga da ɗan buroshi.

Ranar da na gaba suka kai milimita 22 ba zan sake wannan zama ba. Akwai faifan da ke zuwa da rufin zinki da alminiyam tun daga masana'anta, wanda ake yi wa ƙarfen tun yana sabo, ya shiga har cikin ramukan iska inda gwangwani ba ya kaiwa, kuma sirantarsa ba ta hana wili zama. Ya fi wanda ba shi da rufi tsada, amma ga motar da ke wuni a bakin teku shi zan sa a kawo mini. Na baya kuwa ba sa saurin ci, za su daɗe da fentinsu.